Keken da Ya Sha Man Shanu da Shayi

Motar likita ta sauke ni a Gure bayan azahar. Daga rangadin rigakafi muke a dajin Kelle, wuyana ya ƙage, ƙafar wandona cike da ƙarangiya. Ban kai ga sauke akwatin allurai ba sai majo, babbanmu a wurin aiki, ya leƙo ta taga.

"Ba'are! Albishirinka!"

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari tas, majo, don Allah ka faɗa, ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba!"

"Matarka ta sauka lafiya. Ɗiya mace. Gobe suna."

Wallahi ban san lokacin da na rungume direba ba, mutumin da muka yi hanya muna faɗa kan ruwan sha. Na sake shi na rungume wata tsohuwa da ta zo a cire mata haƙori. Ta make ni da mayafi, na ce ta ƙara. Sai da na zagaya farfajiyar likita, wato asibitinmu, ina dariya kamar wanda aka yi wa cakulkuli, sannan maganar ƙarshe ta iso kunnena. Gobe?

Ashe ɗan aike ya zo tun muna daji, babu kuwa yadda za a same mu. Ni Ba'are ne, mutumin ƙasar Arewa, can wajen Dogon Dutsi, aiki ya jefo ni gabas. A nan na yi aure, ɗiyar manoma ce daga wani ƙauye a bakin gudro, titin kwaltar nan da ya nufi Damagaram, kuma ta koma gidansu haihuwar fari yadda aka saba. Saƙon surukina a fili yake. Rago na ɗaure, liman zai raɗa suna da fitowar rana. In na zo, zaɓin suna nawa ne. In aikin gwamnati ya riƙe ni, ba za a bar jinjira haka ba, za a sa mata sunan yayarsa.

Mutumin ya yi adalci, ban ga laifinsa ba. Amma ni ina da suna a ajiye. Mahaifiyata ta rasu a shekarata ta farko a Gure, a sanarwar rediyo na ji, an riga an kai ta. Tun daga ranar na ƙudurta cewa in Allah ya ba ni ɗiya, sunanta za ta ci. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Dangina kuwa suna can ƙarshen ƙasa, babu wanda zai tsaya a madadina. In bakina bai isa kunnen liman da sassafe ba, shi ke nan.

Motar likita za ta wuce Bune a ranar. Motocin haya sun riga sun fita, na gobe kuma ba sa tashi sai sun cika, rana ta take. Ga majo idonsa jajir, shi kaɗai ya riƙe likita dare da rana tun tafiyarmu, ba zan iya cewa ya ƙara kwana ba. Muka shirya zan yi gadin daren, ya karɓe ni da asuba. Saura keke.

Kekena baƙi ne, ɗan Sin, na hannu na saye shi. Ya daɗe yana ƙorafi ta baya. Ciwon yana cikin rulibir, wato ɗan faifan nan mai haƙora da sarƙa ke ja a tsakiyar tayar baya, wanda ke barin taya ta ci gaba da gudu ko ka daina taka feda. Da farko ƙurus-ƙurus yake yi, daga baya ya fara rawa, kafin tafiyata kuwa ya cije gaba ɗaya. Na kinkime shi na nufi inuwar bedi a ƙofar gidan da nake haya, inda mai gyaran keke ke zama.

Mai gyaran nan Babarbare ne, ni kuma Ba'are, kun san wasan barkwancin da ke tsakaninmu. Bai taɓa kirana da komai ba sai bawansa, ni ma haka nake rama.

"Bawana, na haihu!"

"Kai ka haihu? Allah sarki, yarinyar mutane ta sha wahala, Ba'are ya karɓi godiya. Allah ya raya, Allah ya sa ta ɗauko hancin uwarta."

Ya kwance tayar, ya girgiza rulibir kusa da kunnensa, ya taɓe baki.

"Wannan ya gama aiki. Sabo za a sa."

"To sa mana!"

"In samo shi a aljihunka? Tun da aka karya darajar sefa ban ga sabo a garin nan ba. Sai an aika Damagaram, ko in wani ya shiga Najeriya. Ranar kasuwa ka dawo."

"Ranar kasuwa? Gobe suna, kai mugun Babarbare!"

Ya ce to saura hanya ɗaya, kuma shi ba ya sonta. A buɗe cikin a canza ƴan ƙwallayen ƙarfen da abin ke gudu a kansu. Mu biy muke ce musu, masu shiga Najeriya su ce boris. Yana da kaɗan a gwangwanin tumatir, waɗanda ya tsinta daga matattun kekuna, amma ba za su isa ba, sai an haɗa da masu sauran lafiya a cikin nawa. Ya ce sabo ya fi kwanciyar hankali, gyara kuwa sai yadda hali ya yi. Na ce ni ba kwanciyar hankali na zo nema ba, ya buɗe.

Ya miƙo mini murfin kwano. "Riƙe a ƙarƙashi. Kada ka yi tari, kada ka yi atishawa, kada ka yi halin Arawa."

Ya sa ƙusa da guduma yana bubbuga zoben da ya rufe cikin, baibai ake kwance shi. Da ya ɗaga, sai ga su suna zubowa cikin murfin, ƙanana kamar ƙwayar gero, baƙi ƙirin da tsohon mai. Na riƙe su da ladabi, ko numfashi ba na yi sosai. A daidai lokacin wani mushen lakwal, malamin makaranta maƙwabcinmu, ya ɓullo ta kan kwana ya ƙwala murya.

"Angon ƙarni! Barka, barka!"

Na miƙe zumbur na ɗaga hannu biyu sama. "Barka kadai!"

Murfin yana hannuna. Ƙafata kuma ta tafi da gwangwanin tumatir.

Duk wanda ya san Gure ya san rairayinta. Ko dala ta faɗi sai ka yi tono, balle abin da bai fi ƙwayar gero ba. Mai gyara ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ɗora hannu biyu a ka.

"La'ilaha illallahu. Wa ya ba Ba'are aikin likita? Mutane nawa ka zubar haka?"

Ni dai dariya ce ta kama ni, irin wadda hawaye ke biyo ta a baya. Hayaniyarmu ce ta fito da Iya, tsohuwar da nake haya a gidanta. Ta tambayi abin da ya faru, aka faɗa mata. Ta ɗauki sandarta ta ja da'ira a ƙasa ta zagaye mu.

"Duk wanda ya ɗaga ƙafa sai na karya ta."

Ta leƙa ta kan darni ta kira matan maƙwabta, kowace ta zo da rariya da faifai. Suka durƙusa a bakin da'irar suna ɗibar rairayi da ƙoƙo, a zuba a rariya a tankaɗe, abin da ya rage a juye a faifai a bakace. Ni da mai gyara muna tsaye a tsakiya ƙiƙam kamar turaku. Da an gama da inda ƙafarka take, sai Iya ta ce ɗaga, ka ɗaga. Matan suka ƙirƙiro waƙa nan take, ta angon da ya shuka ƙarfe da rani yana jiran damina, suna yi suna kaɗa faifai. Masu wucewa suka tsaya kallo. Wani ya tambaya ko zinariya ce ta faɗi, Iya ta ce hankalin likita ne, ana tattarawa.

An samu abubuwa a wannan rairayi, jama'a! An samu dutsen wuya, an samu maɓalli, an samu haƙorin yaro. Wata ta miƙo wa mai gyara abu mulmulalle da murna, ya murza a yatsa ya ce wannan akuya ce ta ƙera shi. Amma ƴaƴan biy ma suna fitowa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne aka gani sai an yi masa guɗa. Mai gyara ya wanke su da kananzir, yana gangara kowanne a bayan faranti. Wanda ya tafi sumul ya ajiye, wanda ya yi ɗingishi ya jefar bayan katanga. Da la'asar ta yi ya ce sun kusa isa, ɗan gurbin da ya rage ba zai hana tafiya ba.

Sai ya buɗe gwangwanin giris. Wayam, har an suɗe shi da yatsa. Ba a kuwa iya jera ƴaƴan biy ba tare da mai mai kauri da zai riƙe su a gurbinsu ba. Aka aika tasha, masu gyaran mota sun rufe sun tafi jana'iza.

Iya ta shiga gida ta fito da kwalba mai faɗin baki. Soyayyen man shanu ne da ta tanada tun watan jiya don in kai wa maijego. Ta dangwara a gabanmu.

"Wannan ba mai ba ne?"

Mai gyara ya lakata ya murza, ya shinshina, ya ɗan lasa. Ya ce, "Mai dai mai ne." Ya juyo gare ni, wai ni da na yi boko me na gani. Na gyara murya na ce a ilmance babu wani bambanci, duk maiƙo ne. Haka muka taru, da shi da ni, muka yanke wannan hukunci, kowa na jin kansa gwani.

Ya shafe cikin rulibir, ya jera ƴaƴan da tsinke, suka zauna lafiya lau. A cikin abin akwai ƴan harsunan ƙarfe biyu masu tashi su kama haƙora in ka taka, su kwanta in ka daina. Su ma ya cika su da man, ya ce don su ji daɗi. Ya ɗaure, ya mayar da taya, ya juya feda. Kai! Ko sabo albarka. Ga ƙamshi kuma, sai ka ce an sauke tuwo.

Na hau na zagaya gari don gwaji. Gwajin ya kai ni kasuwa, ya kai ni bakin masallaci, ya kai ni har unguwar da ban san kowa ba, ina kaɗa ƙararrawa ina shaida wa mutane na samu ɗiya. Wani kare ya bi ni tun daga mahauta, hancinsa a tayar baya. Na sayi goro da turmin atamfa, na dawo na gaya wa mai gyara na ƴanta shi daga yau. Ya ce in bari sai na dawo da rai.

Lokacin ɗari ne. A likita na jingine keken bayan firjin allurai, mai aiki da kananzir, wurin kuwa da ɗumi. Shi ya sa da majo ya karɓe ni bayan sallar asuba, keken ya tashi sumul, babu abin da ya nuna mini. Na ɗaure goro da atamfa da sauran man a baya, na naɗe kai da rawani, na hau gudro. Sanyi na yanka kunne, ni kuwa waƙa nake da iyakar muryata, waƙoƙin garinmu da na manta rabonsu. Na gai da jaki. Na gai da wata bishiyar aduwa, na gaya mata gobe-goben nan da ake faɗa ta zama yau.

Akwai wata gangara mai tsawo da ke sauka cikin kwari mai goruba da dabino. Na saki feda, na ware ƙafafu, iska na kaɗa rigata, ina ihu. Sanyin kwarin ya fi na tudu nesa ba kusa ba. Da na kai ƙasa na mayar da ƙafa na taka, sai ƙafafuna suka wulwula a banza. Na sake takawa. Sarƙa na juyawa, faifan na juyawa, taya ko a jikinta. Keken ya yi ta rage gudu har ya tsaya, na sauka.

Na taɓa bakin rulibir. Man da ya tsattsafo ya daskare kamar sabulu. Nan na gane. Harsunan nan sun kwanta lokacin da nake gangarowa, man ya sandare a kansu, sun kasa tashi. Wayyo ni! Na huhhura da baki, na murza da tafin hannu, na jijjiga, na zagi Barebari kaf har da kakanninsu, na dawo na zagi ilmin da ya ce duk maiƙo ne. Gabas ta fara ja. Na kama keken na fara gudu da shi a hannu, ina ji a raina ko na mutu da gudu ba zan kai ba. Tsoro ya kama ni sosai a wurin, waƙa ta ƙare.

Hayaƙi na hango a gindin goruba. Ayarin Tubawa ne masu raƙuma, sun ɗauko kanwa, sun sauka suna dafa shayin safe. Na nufe su ina haki. Na yi sallama, suka amsa, aka shiga gaisuwa. Su kuwa ba sa gaggawar gaisuwa, ga Hausarsu kaɗan, ni ko kalma ɗaya ban sani ba a harshensu. Na yi ta nuna buta. Babbansu, wani dattijo siriri, ya ga baƙo na rawar ɗari, ya tsiyaya kofin farko, mai kumfa, wanda shi ya kamata ya sha, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na karɓa, na yi bisimilla, na juya na tsiyaye shi a kan rulibir.

Duk suka zuba mini ido. Har raƙumin da ke tuƙa ya tsaya. Wani saurayi a cikinsu ya miƙe tsaye. Na ga in ban yi bayani ba za a samu matsala, sai na shiga yi da hannu. Na rungume iska ina jijjigawa, wato jinjira. Na nuna gabas, wato rana. Sannan don in nuna ragon suna, na sa yatsa na ja a maƙogwarona. Saurayin ya matso taku ɗaya, fuskarsa babu wasa. Na yi maza na kafa yatsu a ka na yi kukan rago, da ƙarfi, har sau biyu.

Ban san me suka fahimta ba. Na dai ɗaga tayar baya na juya feda da hannu. Ta wulwula, ta wulwula, sai ƙas! Ta kama, taya ta ɗauki gudu. Dattijon ya leƙa, ya shinshina, ya lakato abin da ke ɗiga ya kai hanci. Ya faɗi wata kalma ga mutanensa, ina jin man shanu ya ce, sai suka fashe. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ɗauki butar gaba ɗaya, shayinsu na safe da sukarinsu, ya juye a kan rulibir. Ya cusa mini dabino a aljihu, ya tattaro Hausarsa ya ce, "Tafi, tafi!"

Yanzu na san dokar. Muddin ina takawa, harsunan na riƙe da haƙora. In na saki ko sau ɗaya, za su kwanta su sake daskarewa. Don haka ban saki ba. A hawa ina takawa, a gangara ina takawa kamar mahaukaci, gwiwoyina na neman dukan haɓata. Na wuce wani dattijo da na taɓa yi wa jinya, ya ɗaga hannu zai tsayar da ni, na wurga masa gaisuwa ta bayan kafaɗa, ban ji amsarsa ba. Ƙudaje suka samu labarin sukari suka rako ni. Rana ta fito ina kallonta, ina roƙonta ta yi a hankali. Dariya ta dawo mini, ina haki ina yi, don na hango rumbunan ƙauyen.

Daga gudro zuwa ƙofar gidan surukina rairayi ne. Na shigo da gudun da na taho da shi, ga maza zaune a kan tabarmi, ga rago, ga liman a tsakiya. Tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. A gaban tabarmar liman na sauka da ƙirji, goro ya watse, dabino ya biyo baya.

Aka yi salati, aka yi dariya, aka ɗaga ni ana kakkaɓewa. Wani ya tambayi wa ya zo da tuwo. Surukina bai yi dariya ba, ya dai sunkuyar da kai yana gyara carbi. Daga baya na ji tun fitowar rana yake jan mutane. Ya ce wuƙa ba ta da kaifi a sake wasawa. Da aka wasa ya ce a jira wani tsoho, wanda kowa ya san ba ya fita da sanyi. Dabara ta ƙare masa ke nan na faɗo.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ka iso. Je ka wajen malam."

Liman ya yafuto ni, ya kawar da rawani daga kunnensa. "Matso, ɗana. Faɗa mini."

Na kai bakina kunnensa, sai na ji harshena ya ƙi. Tunda aka haife ni ban taɓa furta wannan suna ba. Wa ke kiran sunan uwarsa? Inna nake ce mata. Ko wata mai irin sunan na haɗu da ita, sai in kauce in ce mai sunan Inna. Ga shi na tsallake duk abin da na tsallake don in faɗe shi, na kuma rasa ta inda ake farawa. Liman ya jira, bai matsa mini ba. Na rufe ido na faɗa, a hankali.

Aka yanka rago. Liman ya ɗaga murya ya faɗi sunan ga jama'a, maroƙi ya karɓa ya kai shi har cikin gida, mata suka ɗauki guɗa. Ina durƙushe ina jin sunan mahaifiyata na yawo daga baki zuwa baki, a garin da babu wanda ya taɓa ganin fuskarta, kowa na cewa Allah ya raya ta. Na ja rawani na rufe fuska. Kuka nake, ba na ɓoyewa, kuma daɗi nake ji.

Can sai ga kakar matata, wadda ke kirana mijinta, ta leƙo daga zaure. Daga ciki ana jin ƴar ƙaramar murya na tsala kuka.

"Kai, mijin banza, share fuskarka ka taso. Innarka ta tashi, tana nemanka."